Wa Zai Tsawata Wa Gwani?

'Yan'uwa matasa, masu haɗa manhajar GNOME sun taru a Birmingham ta Ingila a 2007, da Manchester a 2017. Da yawansu 'yan sa-kai ne, ba mai yanke musu albashi. To, in gwani ya cika zagi, wa zai tsawata masa?

Sai a 2018 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya nemi gafara kan kaifin harshensa, aka kafa ƙa'idar ladabi. Wasu suka ce an ɗaure bakin mutane.

Mu dai a ganinmu, a hana zagi, a bar gyara. Shugaban da ya ƙyale mai zagi ya kori masu kunya, su ma ya hana su magana. Allah Ya sa mu gane.