Abin da Matafiyi Ya Gani Amana Ne

Wanda Allah Ya nufa da ziyarar fadar Alhamra a birnin Garnaɗa na ƙasar Sifen zai ga abin mamaki. Mulkin Musulmi ya ƙare a can tun 1492, amma har yau ruwa yana gudana a magudanan fadar, domin akwai masu kula da su.

To, matafiyin nan ya komo Kano ya iske kwatar unguwarsu ta toshe da shara, badalar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa kuwa ana ta cin ƙasarta. Shin akwai haƙƙi a wuyansa?

Wani zai ce gyara aikin hukuma ne. Gaskiya ne, amma Alƙur'ani mai girma ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina. Wanda ya ga yadda kulawa ke raya gini, uzurin jahilci ya faɗi a kansa. In ya tsaya ga ba da labari a majalisa, ganinsa zai zama hujja a kansa ranar hisabi.

Farkon sauke wannan amana shi ne ya kira gayya a yashe kwatar kafin damina. Allah Ya ba da iko, amin.