Tokar Likayon da Ruwan Jakara: Abin da Hadaya Ke Bari a Ƙasa

Rafin Jakara, wanda ke fitowa daga cikin birnin Kano ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari kafin ya nufi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, ya zama a yau magudanar dattin kasuwanni da gidaje da kwata, har ma da wuya mai wucewa ta kan gadojinsa ya yarda cewa sunan nan ya taɓa zama abin tsoro da girmamawa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933, ya bayyana cewa a bakin wannan ruwa akwai wani kurmi mai duhu, Kurmin Baƙin Ruwa, inda mutanen Dutsen Dala ke kai baƙin kare da baƙin bunsuru; jagoransu shi ne Barbushe, wanda shi kaɗai ke shiga shingen da ya kewaye itaciyar Tsumburbura, abin bautarsu. Kurmin yana ta wajen da kasuwar Kurmi take a yanzu, amma duk abin da ruwa ya ɗauko daga can, ta Fagge da Sabon Gari yake bi. Tambayar da ta taso daga nan ta shafi addini kamar yadda ta shafi tarihi, domin ita ce tambayar inda kyautar da aka miƙa ga wanda ba a gani take ƙarewa, da kuma shaidar da take bari ga na baya.

Masana ilimin kufai, wato masu tona ƙasa bisa tsari don karanta rayuwar mutanen da daga abin da suka bari, sun sami amsa mai yalwa a ƙasar Girka, kuma dalilin yalwar yana cikin aƙidar Girkawa kanta. A wurinsu, abin da mutum ya keɓe wa abin bautarsa don cika bakance, wato alkawarin da ya ɗauka idan buƙatarsa ta biya, ya fita daga mallakar ɗan Adam har abada, ba a sayar da shi, ba a kuma fitar da shi daga haramin wurin bautar, saboda haka idan wuri ya cika sai masu kula da shi su haƙa rami a cikin haramin su binne tsofaffin kayan. Wannan ya sa masu binciken Makarantar Birtaniya da ke Atina, da suka yi aiki a wurin bautar Atamis Ortiya a Sparta tsakanin 1906 da 1910, suka tono 'yan mutum-mutumin dalma fiye da 100,000, masu arha, irin waɗanda talaka zai iya saya. A ƙauyen ƙayau kuwa, a ƙolin Dutsen Likayon da ke yankin Arkadiya, ƙasar makiyaya, wurin yanka ga Ziyus, abin bautarsu, tulin toka ne kawai da ya taru cikin ƙarnoni masu yawa. Binciken da David Gilman Romano da Mary Voyatzis suka jagoranta tun daga 2004 ya nuna cewa tokar cike take da ƙonannun ƙasusuwan tumaki da awaki, galibi na cinya da na wutsiya, tare da tsingaro, wato fasassun tukwane da kofuna, da ke komawa fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bagirken da yakan ƙone rabon abin bautarsa ya ci sauran naman, ƙashin da wuta ta ci kuwa yakan daɗe a ƙasa.

Hadayar ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa littafinsa a 1946, ya nuna cewa rabon iskoki a yanka shi ne jini, wanda ake zubarwa a gindin itace ko kan dutse, naman kuma mutane ke cinyewa; launin dabbar da jinsinta su ne ke bambanta iskan da aka nufa. Kyautar da aka yi da jini da fura da hatsi, a cikin ƙwarya, ƙarƙashin tsamiya ko kuka, damina ɗaya ta isa ta shafe ta. Saboda haka kuskure ne babba a auna zurfin addinin mutanen Dala da yawan kayan da ke cikin akwatunan gilashi na gidan tarihi na Gidan Makama, ko a ɗauka cewa al'ummar da ba ta bar gumakan tagulla ba ba ta yi tunani mai zurfi kan gaibu ba. Bambancin yana cikin abin da kowace al'umma ta ɗauka cewa mai karɓar kyautar yana so: ɗaya ta ga yana son abin da zai dawwama a gabansa ya riƙa tuna masa da mai bayarwa, ɗayar ta ga yana son rai, rai kuwa ba ya ajiyuwa.

Duk da haka Kano ta taɓa samun wurin da hadaya ta taru har ta zama jiki. Tarihin Kano ya danganta farkon Dirki, wani abu da aka lulluɓe da fatu ake yi wa yanka, da zamanin Sarki Muhammad Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, kuma ya ba da labarin cewa a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya hau gado a 1781, manyan gari sun nemi shanu 40 don yi wa Dirki yanka a lokacin yunwa, sarkin ya ƙi, ya sa aka sare shi da gatura, sai aka tarar da Alƙur'ani a cikinsa. Wannan labari ya fi kowane bayyana sarƙaƙiyar lamarin, domin abin da aka lulluɓe da fatu ake kuma yi wa yanka shi ne littafin da ya haramta yanka ga wanin Allah, kuma irin wannan haɗa gaskiya da ɓata ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka a rubuce-rubucensa, musamman yanka ga itatuwa da duwatsu. Gatarin Alwali ya buɗe tarin ƙarni biyu cikin yini ɗaya, babu wanda ya ƙirga fatun ko ya adana su, don haka labari kaɗai ya rage.

Musulunci ya sauya alƙiblar kyautar gaba ɗaya. Suratul Hajji ta koyar da cewa nama da jinin dabba ba su ne ke isa ga Allah ba, tsoron Allah da ke zuciyar mai yankan shi ne ke isa, don haka rabon da a da ake zubarwa a gindin itace ya koma hannun mabuƙaci. Ƙosai da waina da ake rabawa almajirai ranar Juma'a a kewayen Masallacin Juma'a na Fagge, da naman layya da ake aika wa maƙwabta, da kuɗin da ɗan kasuwar Kantin Kwari ke fitarwa idan kayansa sun iso lafiya, da buhunan shinkafa da doya da Kiristocin Sabon Gari ke kaiwa majami'u a bikin godiyar kaka, duk kyauta ce da ke ƙarewa a cikin ɗan Adam. Mai tonon kufai na shekara dubu masu zuwa ba zai sami komai daga cikinta ba, kuma a ma'aunin addinin da ya yaba wa mai ɓoye sadakarsa, wannan rashin shaida ba aibi ba ne.

Akwai masu ganin cewa tono wuraren tsafin da tamkar raya shirka ne, kuma damuwarsu ta cancanci amsa ta gaskiya. Sanin abu dabam, bauta masa dabam, Alƙur'ani kuma ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Bayan haka, abin da aka sani game da Barbushe ya zo ne ta alƙalamin marubuci Musulmi, wanda masana irin su Murray Last ke ganin ya harhaɗa littafin a shekarun 1880, ɗaruruwan shekaru bayan abin da yake bayarwa labari, har ya sanya saukowar Barbushe daga Dala a ranakun Idi, abin da ke nuna cewa kalandar zamaninsa ta shiga cikin labarin. Adalci ga mutanen da ba za su iya kare kansu ba yana buƙatar shaida ta biyu, ƙasa ce kuma kaɗai ke riƙe da ita. Ta riga ta yi magana sau ɗaya, lokacin da gwajin shekaru ta hanyar sinadarin kabon ya nuna ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 na miladiyya, kafin zuwan Sarki Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Jini ya tafi, amma ƙashin kare da na bunsuru, da tsingaron tulunan giya, da guntayen ƙarfe, suna iya kwanciya cikin laka na dogon zamani.

Lakar nan ce ake kwashewa yanzu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kuma yanka Sabon Gari a 1913, gine-gine ke matse rafin ta kowane gefe, aikin rufe Jakara da kankare don shimfiɗa titi a kansa, wanda aka fara a gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, ya ƙara yawan ƙasar da ake haƙewa ana zubarwa a wani wuri. Jama'ar da ambaliya da wari suka addaba suna da haƙƙin samun magudana mai kyau, babu mai hankalin da zai hana su. Abin da ake buƙata ƙarami ne idan aka kwatanta da kuɗin aikin: Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, tare da masanan sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su samu izinin tsayawa a bakin kowane babban rami da za a haƙa daga Kurmi zuwa Fagge da Sabon Gari, su auna hawa-hawan ƙasar, su ɗebi samfurin ƙashi da gawayi kafin a zuba siminti.