'YAR TSANA BA TA DA LAIFI

Mai karatu, ka taɓa tsare wani furodusa ka tambaye shi yadda aka yi agogon hannu ya bayyana a hannun dogarin sarki a fim ɗin da aka ce labarin zamanin da ne? Ko kuwa yadda aka yi 'yar talakawa, wadda ubanta ke sayar da itace, ta fito da leshin da kuɗinsa ya isa sayen jaki? Amsar ba ta canzawa. Zai ce maka ɗan wasan ne ya manta bai cire ba. Jarumar ce ta zo da kayanta daga gida, ta ce ita ba za ta sa tsumma ba. Mai gidan da aka ara ne ya ce a yi sauri a tashi kafin magariba. Darakta ya ɗora wa furodusa, furodusa ya ɗora wa 'yan kasuwa, 'yan kasuwa su ce ai abin da 'yan kallo ke so ke nan. Tun daga "Turmin Danya" na 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango na YouTube, haka laifi ke yawo a wannan masana'anta kamar kuɗin jabu, kowa ya karɓa sai ya miƙa wa na gaba.

To, akwai wani nau'in fim da wannan uzuri ba ya aiki a cikinsa ko kaɗan, shi ne fim ɗin 'yan tsana. Ba zanen katun nake nufi ba. Ina nufin wanda ake ƙera ɗan mutum-mutumi da hannu, a ɗinka masa riga, a gina masa gida, a tsayar da shi gaban kyamara a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan motsa hannunsa kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ɗaukar wani hoton. Idan aka jera hotunan da sauri sai ido ya ga kamar yana tafiya. Fim na tafiya ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu wannan sana'a da yawa kan tsaya a 12. Ko a hakan, minti ɗaya na cin hoto 720. Waƙar minti biyar irin wadda ake ɗauka a wuni guda a lambu, a nan hoto 3,600 ce, kuma kowane ɗaya sai da hannun mutum ya taɓa.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. Maƙwabcinmu ne ya yi fice a kansa a Afrika, wato Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Makanike ne tun farko. Ya koyi aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren, daga bisani ya zauna a Tawa, cikin Hausawan Adar, yana aikinsa. A 1977 ya fitar da "Samba le Grand", fim mai kala na 'yan tsana a kan wani jarumi da gimbiya ta yi ta gindaya wa sharuɗɗa. Daga baya ya yi "Kokoa". Sunan ma ya ishe ka, kokawa ce, irin wadda Nijar ta mayar gasar takobi ta ƙasa tun 1975. Sai dai 'yan kokawar tasa kwaɗi ne da hawainiya da sauran ƙananan halittu, ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga fili. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke Niyok ya ware kwanaki yana nuna finafinansa. Mu kuwa da ke nan kusa da shi, 'yan fim nawa ne suka taɓa jin sunansa?

Na san wani zai ce, ina batun sura? Magana ce ta malamai, kuma sun daɗe suna yin ta. Da yawansu sun sassauta a kan 'yar tsanar yara bisa hujjar cewa Nana A'isha ta yi wasa da ita, wasu kuma sun tsananta a kan duk abin da ke da inuwa. Wanda zai shiga sana'ar ya je ya tambayi malaminsa. Tambayar da ta dame ni daban ce: idan mutum ya zama shi kaɗai ne ya ƙera duk abin da ke cikin allo, me ya hau kansa?

Bari mu sauko da maganar ƙasa. A ce wani saurayi ne a Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, yana da waya mai kyamara da manhajar jera hotuna, ya ce zai yi fim ɗin minti goma a kan garinsu. Kayan aiki ba za su gagare shi ba. Yaran ƙauyukan Gaya da Ajingi sun daɗe suna ƙera motar kara da totuwa, suna gina shanun laka a bakin kududdufi, 'yan mata na yi wa 'yar tsana kitso da biki har da gara. Ƙasar ma tana da tarihin aikin hannu, domin labarin da aka gada ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je Dala neman tama. Abin da zai ƙara kaɗan ne. Zai murɗa waya mai laushi ta zama ƙashin jiki, ya naɗe ta da soson katifa, ya yi kai da laka ko da ɗan icce. Zai huda allon da ya zama ƙasa ya ɗaure ƙafafun ta ƙarƙashi, in ba haka ba mutumin nasa zai kife a tsakiyar taku. Zai toshe taga ruf, domin rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, inuwar safe daban, ta azahar daban, kuma wutar janareta mai hawa da sauka za ta sa fim ɗin ya riƙa ƙifta ido. Fitilar batir ko ta sola ita ce abokiyar tafiyarsa.

Riga ita ce inda aikin ke nuna haƙoransa. Idan mutumin nasa bai wuce tsawon santimita 30 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na tsayin magidanci, to ƙyallen shadda da ya tsinto a shagon tela ba zai zauna ba. Furen da ke jikin shaddar zai rufe ƙirjin gaba ɗaya, kaurinta kuma zai sa rigar ta tsaya kamar buhu. Sai ya nemo yadi mara kauri, ya zana aikin aska biyu da alƙalami ko da zare guda, ya zura siririyar waya cikin kalmasa don hannun babbar riga ya tsaya inda aka ajiye shi tsakanin hoto da hoto. Ko manya ma abin ya taɓa ba su wuya. A "King Kong" na 1933 za ka ga gashin gwaggon birin yana rawa shi kaɗai, ba iska ba ce, sawun yatsun masu motsa shi ne.

Ka ga a nan babu abin da zai shiga allo bisa kuskuren wani. Idan hular manomin ta yage, shi ya yaga ta da almakashi. Idan katangar gidan mai gari ta tsage, shi ya tsaga ta da allura. Idan akwai baƙar leda maƙale a jikin danga, to ya zauna ya yanka ta daidai girman farce ya liƙa. In kuma babu ledar, shi ya zaɓi kada ta kasance. Ba jaruma, ba mai gida, ba 'yan kasuwa.

Yanzu wane Kademi zai gina? Akwai hanya biyu masu sauƙi, kuma duka biyun ƙarya ce. Ta farko ita ce ta ƙauyen da finafinanmu na barkwanci suka saba sayar wa 'yan birni: mutum da wando ɗangalalle, hula a karkace, goro ya rine baki, ya ga fanka ya ruga da gudu. Wannan baƙauyen a kasuwa aka haife shi, ba a ƙauye ba. Ta biyu ita ce ta ƙauyen kalanda: soro mai zankwaye an shafe shi da makuba, rumbuna a jere, 'yan mata ɗauke da ƙwarya, ba kwanon rufi, ba babur, ba shagon cajin waya, ba saurayin da ya tafi Legas ci-rani ya bar gona. Wannan ta fi haɗari a wurina, don mai yin ta yana jin kishin gida yake yi. Alhali ya kori mutanen garin na yau daga garinsu ya zuba kakanninsu, saboda kakannin sun fi kyau a hoto.

Sai ka ce to ya kwafi garin yadda yake mana. Ai ba zai yiwu ba. Allon da zai yi gini a kai bai wuce faɗin tabarma ba, gida uku ko huɗu zai ɗauka. Dole ya zaɓa, kuma zaɓen nan shi ne maganarsa a kan mutanensa. Bugu da ƙari, kama da gaskiya ba abu ɗaya ba ne. A 1966, shekara shida da samun 'yancin Nijar, Alassane ya zana "Bon Voyage Sim", inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, aka yi masa fareti da jawabai da duk wani tsarabe-tsarabe. Babu shugaban Afrika da ya yi kama da kwaɗo, amma duk wanda ya kalla ya san su wa ake nufi. Ashe mutum na iya faɗin gaskiya da kwaɗo, ya kuma shirga ƙarya da fuskar da aka sassaƙa daidai da ta maƙwabcinsa. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne wannan: zai iya kafa majigi a ƙofar gidan mai gari ya nuna fim ɗin, ya zauna a tsakiyar jama'a har a gama? Ba wai sai sun ji daɗi ba. Suna iya jin haushin ledar da ya liƙa. Amma su ce, "Wallahi haka wurin yake."

Akwai kuma wani gefe na maganar da bai kamata a tsallake ba, don kada ka ɗauka ina cewa 'yar tsana ta fi mutum. Wannan ɗan wasan da muke zargi da kawo agogo, shi ne kuma wanda kan kawo abin da darakta bai taɓa tunani ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ɗan wannan shiyya ne ta Wudil, kuma rabin abin da ya sa mutane dariya ba a takarda yake ba, daga kunnensa ya fito, daga yadda ya ji mutanen karkara na magana tun yana yaro. Ɗan wasa mai rai yana iya gyara maka karin harshe. Yana iya cewa, "Darakta, a garinmu ba a yi wa suruki magana a tsaye." Jaruma tana iya cewa ba za ta faɗi wannan kalma ba. Taurin kan nan da furodusoshi ke kuka da shi wani birki ne. 'Yar tsana ba ta da birki. Duk abin da ka sa ta za ta yi, duk rigar da ka sa mata za ta sa, ko da rigar wulakanci ce.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan shi ne Jiri Trnka na Cekoslobakiya. A fim ɗinsa na ƙarshe, "Ruka", wato Hannu, na 1965, wani ɗan tsana maginin tukwane ne ke son gina wa furensa tukunya, sai wani ƙaton hannu ya shigo ɗakin ya tilasta masa sassaƙa siffar hannun. Kowa ya fahimci da gwamnatin kwaminis yake, shi ya sa aka hana nuna fim ɗin bayan rasuwarsa a 1969. Amma ka lura, shi kansa Trnka a wurin ɗan tsanan nan ai shi ne hannun. Wanda ke kukan an danne shi, da ya shiga ɗakin aikinsa ya rufe ƙofa sai ya zama mai iko da ba a ce masa a'a.

Saboda haka saurayin nan na Kademi sai ya nemo wa kansa birki daga waje. Telan da zai taya shi ɗinki, ya ba shi bakin magana a kan irin rigar da manomi ke sawa ranar Juma'a da wadda yake sawa a gona. Maginin da zai nuna masa yadda ake ɗora tubali, ya tambaye shi ko har yanzu ana yin azara ko kowa ya koma kwano. Muryoyin da zai ɗora, ya ɗauko su daga bakin 'yan garin, kada ya kira abokinsa na Kano ya maƙale murya yana kwaikwayon ƙauyanci. Tsohuwar da ta san yadda ake ɗaurin ɗankwali a da da yanzu, ya kai mata 'yar tsanar ta duba tun kafin ya ɗauki hoto na farko, domin in ya kai hoto na 500 sannan ta ce masa ɗaurin na matan birni ne, sai dai ya kwance ya koma na ɗaya. Kuma idan ya zo rubuta sunaye a ƙarshen fim, ya sa nasu da harafi mai girman da za a iya karantawa a fuskar waya.