Fatar Yarinya Amana Ce

Malamanmu sun daɗe da bambanta ado da canza halitta. Kwalli ado ne, lalle ado ne, haka dilka da kurkum da ake yi wa amarya, domin dukkansu gyara abin da Allah Ya bayar suke yi. Man bilicin kuwa ƙorafi ne a kan kyautar kanta. Babbar mace da ta zaɓi shafa shi ta balaga, tsakaninta da Ubangijinta ne. Wadda ke hana ni sukuni ita ce yarinya 'yar shekara shida da ake shafa wa bayan wanka, ba ta roƙa ba, ba ta ma san sunansa ba.

Ina koyar da ajin ƙananan 'yan mata a Islamiyya, kuma a hannu nake ganewa. Idan suka riƙe littafi sai ka ga bayan hannu ya yi jaja-jaja, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin, sun ƙi bin umarnin man. Wata ta taɓa tambayata cikin sanyin murya, "Malama, a Aljanna kowa fari ne, ko?" Ba ilimi take nema ba. So take ta ji ko akwai ranar da za ta rabu da jikinta.

Wa ya sanya mata wannan tunani? Tun zamanin gidajen silima fina-finan Indiya suka shiga jininmu, yanzu kuma an fassara su da Hausa, suna cikin wayar kowace uwa. Jarumar da ake rera wa waƙa fara ce, kuma Kannywood ta gaji wannan ido. Tallan Fair & Lovely ya shekara da shekaru yana ba da labari guda: yarinya mai duhu an ƙi ta, ta shafa mai, ta yi haske, sai ga aiki, sai ga miji. Da suka ta yi yawa, kamfanin Unilever ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020, amma labarin ya riga ya zauna a zukata. Yau masu haɗi ne a TikTok da Instagram, da hoton "da" da na "yanzu", har da kwalbar da suke kira "na yara". Babba ya san talla talla ce. Yaro bai sani ba. Abin da ya ga ana tafa wa, shi ne gaskiya a wurinsa.

Sai dai mai talla bai ƙirƙiro ƙishin ba, samunsa ya yi a gidajenmu. Mu ne masu kirarin farar mace alkyabbar mata. Mu ne a wurin barka muke leƙa kunnen jaririya mu ce, "Wannan za ta rine," da muryar jaje, yayarta tana tsaye tana ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Wasu kuma maganin kumburi ne mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa. Fatar yaro ta fi ta babba taushi, ta fi saurin zuƙar duk abin da aka ɗora mata.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙodar ba ce kaɗai. A Suratur Rum, Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa, a jere da halittar sammai da ƙasa. Da safe ina karantar da yarinya wannan, da daddare uwarta na goge ayar daga jikinta. Wanne za ta gaskata? Ta yaya za ta koyi godiya ga Mahaliccin da aka nuna mata, a aikace, cewa aikinSa na buƙatar gyara? Ina ba su labarin Bilal, yadda ya hau saman Ka'aba ya kira salla ranar buɗe Makka, ina ganin idanun wasu na haske. Amma darasina na awa biyu ne, wayar kuwa tana tare da su har kan katifa.

Ban ɗauki iyayen nan mugaye ba. Wata uwa ta ce min, "Malama, ba na son a bar min ita a gida, ƙannenta farare su yi aure." Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe, don samari da bakinsu suke cewa fara suke so. Amma 'ya amana ce a hannun uwa, ba haja ba ce da za a gyara wa kasuwa, kuma za a tambaye ta a kanta. Daga lasifikar masallacin unguwarmu ina yawan jin huɗuba kan shigar 'yan mata. Ina roƙon limamanmu su ware Juma'a guda su fuskanci mazan da ke zaune a sahu, su tambaye su wane launi suke yabo a gaban 'ya'yansu.