Mudun Awon Yara

Kowace shekara, idan lokaci ya yi, yara 'yan aji shida na firamare sukan taru a ɗakunan jarrabawa ko'ina cikin Nijeriya, kowa da fensirinsa, suna neman shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai. Masu nema dubbai ne, gurabe kuwa ba su kai yawansu ba, saboda haka tilas a ɗauki wasu a bar wasu. Wanda aka ɗauka ya sami ɗakin kwana da malamai da littattafai, ya kuma sami abokai waɗanda wata rana za su zama manyan ƙasa. Wanda aka bari sai ya koma ya nemi abin da ya sawwaƙa. Tun da yake wannan zaɓe yana iya juya rayuwar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya kamata a tsaya a duba mudun da ake awon da shi, a ga ko mudun gaskiya ne.

Maganar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ba ta ɗaukar kowa sai zaɓaɓɓu daga makarantun larduna. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta sami sunan Barewa. A zamanin nan, tun daga matakin farko zaɓen yana hannun mutane ne. Hakimi ake aika wa ya kawo yara kaza, shi kuma ya aika wa dagatai. Sau da yawa mai gari yakan ɓoye ɗansa ya ba da ɗan baransa, don yana ganin boko asara ne. Daga nan kuma maganar malamai da ta Turawan ilmi ita ke da nauyi wajen wanda zai ci gaba. Ta wannan hanya Ahmadu Bello, ɗan Hakimin Rabah, daga zuriyar Shehu Usmanu, ya haɗu a Katsina da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ubansa ba sarki ba ne, yana aiki ne a ƙarƙashin Hakimin Lere. Ɗaya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu. Zaɓen da ke hannun mutum ɗaya yana tafiya da halin mutumin nan ne. Idan mai adalci ne an dace, idan mai son zuciya ne ba inda talaka zai kai ƙara, domin ba a rubuta dalilin da ya sa aka ƙi ɗansa ba.

Wannan shi ne babban amfanin jarrabawa, kuma bai kamata a raina shi ba. Takarda ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan maƙeri ba. Tambaya ɗaya ake yi wa kowa, rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wanda ya faɗi yana iya ganin makinsa, ubansa kuma yana iya gwama shi da na ɗan maƙwabci. Duk wanda ya taɓa zaman jira a ƙofar wani babba yana neman alfarma ya san darajar abin da ba ya bukatar gaisuwa.

To, amma mene ne takarda take aunawa? A misalta yara biyu, Allah ya yi musu ƙwaƙwalwa iri ɗaya. Na farko ɗan ma'aikaci ne a birni. Tun yana shekara uku aka sa shi makaranta, ana Turanci a gidansu, akwai lantarki da zai yi karatun dare, kuma da jarrabawa ta matso aka ɗauko masa malami na musamman wanda ya bi da shi tambayoyin shekarun baya har ya san kansu. Na biyu ɗan manomi ne a ƙauye. Ajinsu ya cika maƙil, malami ɗaya ke riƙe da aji biyu, da damina kuwa rabin kwanakinsa a gona yake yi. Turanci ba ya jin sa sai a bakin malam. Jarrabawar kuma da Turanci ake yin ta, har lissafin ma sai yaro ya fahimci tambaya kafin ya taɓa lambobi. A ce na farko ya ci 130, na biyu ya ci 100. Lalle 130 ya fi 100, wannan ba gardama. Amma manomi ya san cewa wanda ya ɗaure dami goma sha uku a fadama mai taki bai fi wanda ya ɗaure goma a kan fako iya noma ba. In ma za a ba ɗayansu sabuwar gona mai kyau, mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya hana na fakon. Watau maki yana auna yaro, amma tare da shi yana auna gidansu da makarantarsu da aljihun ubansa, ya haɗa duka cikin lamba ɗaya, ba ya rarrabewa.

Gwamnati ta san da haka, kuma tana da wani dalili na dabam. An kafa makarantun nan ne domin yaran ƙasa su tashi tare su san juna. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta shirya uku na farko, aka buɗe su a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, ƙari a kan King's College ta Ikko wadda take nan tun 1909 da Queen's College ta 1927. Bayan yaƙin basasa, a 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta baza su cikin jihohi, har suka zo suka haura ɗari. Makarantar da aka gina don haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi ba ta cika aikinta ba idan 'yan jiha biyar kaɗai suka cika ta. Saboda haka aka raba gurabe. A zamanin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilmi, tsakanin 2015 da 2023, an bayyana rabon haka: kashi 60 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki a ƙasa baki ɗaya, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma don abin da aka kira larura.

Niyyar mai kyau ce. Abin da ta haifa ne ya tayar da ƙura. A 2013 aka buga mafi ƙarancin makin da za a karɓa daga kowace jiha, cikin maki 200. Ɗan Anambra sai ya ci 139, ɗan Imo 138. Yaro namiji daga Yobe kuwa maki 2 ya ishe shi, daga Taraba 3, daga Zamfara 4. Wani babban lauya, Olisa Agbakoba, ya kai ƙara a shekarar nan, yana cewa wannan ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana a bambanta 'yan ƙasa saboda asalinsu, kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ba shi gaskiya. Tun kafin wannan, a 1988, an kai irin wannan ƙara a madadin wata yarinya 'yar Jihar Ogun, wadda ba a kira ta ganawa ba alhali an kira waɗanda ta fi maki daga wasu jihohi. Shari'ar ba ta ƙare a Kotun Ƙoli ba sai 1996, kuma ba ta sami kome ba, domin lokacin shiga ya daɗe da wucewa. Tsararrakinta a lokacin har sun gama sakandare.

Ba daidai ba ne mutumin Arewa ya ji wannan ya kau da kai, ya ce ai hassada ce. Yarinyar da ta ci 135 aka ce ba ta isa ba, ga wanda ya ci 10 yana ɗaure akwati, an cuce ta, kuma ba ita ta hana a gina makaranta a Zamfara ba. Wataƙila ma 'yar talaka ce, uwarta tana tallar gari a kasuwar Onitsha, da ƙyar aka tara kuɗin rajista. Bashin da ake bin magabata ita aka sa ta biya, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Wanda yake son a ji kukansa, tilas ya iya jin na wani.

Maki 2 kuwa ba awo ba ne ko kaɗan. Ma'anarsa ita ce duk wanda ya zo ya zauna an ɗauke shi. Abin da ya jawo haka ba wai yaran jihohin nan ba su da ƙwaƙwalwa ba ne. Masu zuwa jarrabawar ne ba su da yawa. A farkon 2018 Ma'aikatar Ilmi ta sanar cewa yara 28 kaɗai suka yi rajista daga Zamfara, alhali na Ikko sun haura 24,000, ko da yake daga baya adadin Zamfara ya ƙaru. Akwai talauci a ciki, akwai rashin sani, akwai kuma tsoro, gama iyaye ba su manta da harin da aka kai kwalejin Buni Yadi a 2014 ba, aka kashe yara a ɗakin kwanansu, bayan haka kuma ga ɗaliban da aka sace a kwalejin Birnin Yawuri a 2021.

Amma babban aibin rabon nan yana wani wuri, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Cutar da ake so a warkar ita ce bambancin hanyar da yara suka biyo. Maganin da aka kawo kuwa ba hanyar yaro yake dubawa ba, asalin ubansa yake dubawa, bisa takardar shaida daga ƙaramar hukuma. To, a koma ga yaran nan biyu na ɗazu, a ce dukansu 'yan jiha ɗaya ne. Ɗan ma'aikacin nan an haife shi a Abuja, bai taɓa kwana a garin kakansa ba sai da salla, makarantarsa ta kuɗi ce, benci ɗaya yake zama da ɗan Anambra. Ranar rabo sai ya fito da takardar asali, ya shiga gurbin da aka keɓe saboda wahalar ɗan ƙauye, wahalar da shi bai taɓa ɗanɗana ba. Abokin zamansa wanda ya fi shi maki ya koma gida. Ɗan ƙauyen kuma, wanda da sunansa aka yi rabon, yana can bai ji labari ba. An hana mai gaskiya ɗaya, ba a ba ɗaya mai gaskiyar ba, na uku ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kashi goman nan na larura ma abin a sa ido ne. Larura tana aukuwa, kamar ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko maraya. Amma duk ƙofar da ba a rubuta sharaɗin shigarta a fili ba, mai dogon hannu ne yake fara isa gare ta, sai a wayi gari an koma zamanin jira a ƙofar babba, abin da aka kawo jarrabawa don a kashe.

Idan ana son mudun ya matso kusa da gaskiya, abin tambaya shi ne inda yaro ya yi karatu, ba inda aka binne kakansa ba. Makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi? A ƙauye take ko a birni? Na nawa ya zo cikin 'yan ajinsa? Yaron da ya zo na ɗaya a makarantar da ba ta da rufi ya nuna wani abu wanda maki kaɗai ba ya nunawa, ko a Gumi yake ko a cikin fadamun Bayelsa. Wannan awo ya fi wuya, domin yana bukatar a san makarantu ɗaya ɗaya, kuma shi ma ana iya yi masa dabara, gama ba za a rasa mai kuɗin da zai rubuta sunan ɗansa a makarantar ƙauye shekarar ƙarshe ba. Amma ko ba kome yana nufin inda ciwon yake. Ya kamata kuma a sa iyaka wadda ba a sauka ƙasa da ita ga kowa, domin yaron da bai iya karanta tambaya ba, in aka jefa shi aji ɗaya da wanda ya ci 150, ba gata aka yi masa ba. Zai zauna a baya shekara shida yana jin kunya, 'yan ajinsa kuma su tashi da zaton duk mutanen jiharsa haka suke, makarantar haɗin kai ta zama wurin koyon raini. Makarantar da ta ɗauki yaro saboda ta san an yi masa ƙwange a baya ta ɗauki amana, wajibi ne ta ba shi malami da lokaci har ya kamo sauran.

Duk wannan gardama kuwa a kan yaran da suka isa ɗakin jarrabawa ake yin ta. Akwai wanda bai isa ba. Rajista yanzu ta intanet ake yi, da kuɗi da hoto, ubansa kuwa bai san ranar buɗewa ba balle ta rufewa, hedimasta ma bai faɗa ba domin shekara da shekaru ba wanda ya taɓa nema daga makarantarsa. Yaron nan shi ne yake yi wa 'yan kasuwar garinsu lissafi da ka ranar kasuwa, ya haddace izu ashirin kafin ya kai shekara goma sha biyu. Ba ya cikin kashi 60, ba ya cikin 30, ba ya cikin 10. Ranar da ake jarrabawa yana bayan gari da akuyoyin gidansu.