Kufan Sawakin: Wa'azi Ne Ko Amana?

A gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kudu da birnin Bur Sudan, akwai wani ɗan tsibiri zagayayye da mutum zai iya kewaye shi da ƙafa kafin shayinsa ya huce. Wanda ya taka gadar da ta haɗa shi da tudu zai tarar da tulin fararen duwatsu ta ko'ina, ga ragowar bango a tsaye da tagar katako tana lilo, ga hasumiyoyin masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, sun yi wa kufan rumfa. Sawakin ke nan. Ɗaruruwan shekaru ta yi tana zaman babbar ƙofar Afirka ta wannan yanki zuwa Jidda da Makka.

Ibn Battuta ya sauka a cikinta a ƙarni na 14. Turkawan Daular Usmaniyya sun karɓe ta bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, sannan ta koma hannun Masar a 1865. A shekarun 1880 Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, ya matsa mata lamba har Turawan Ingila suka kewaye ta da ganuwa da hasumiyoyin tsaro, kuma har yau ana nuna ƙofar da ke ɗauke da sunan hafsansu Kitchener. A da, ayarin raƙuma daga Barbar da Kasala kan sauke ƙaro da hauren giwa da gashin jimina a bakin ruwanta, su ɗauki tufafin Indiya da kayan ƙamshi. An sauke bayi ma a nan, kuma wannan ɓangare na tarihinta bai kamata a lulluɓe shi ba don kyan gine-gine.

Musulmin da ya tsaya cikin wannan kufai yakan ji wata tambaya ta taso masa: me ya kawo shi, kuma me addininsa ke so ya yi da abin da yake gani? Tambaya ce tsohuwa, kuma malamai ba su taɓa zama baki ɗaya a kanta ba.

Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Imam Gazali, cikin Ihya'u, ya ware babi guda kan ladubban tafiya, ya kuma lissafa fita don ganin ayoyin Allah a duwatsu da tekuna cikin tafiye-tafiye masu lada. Amma akwai ɗaya gefen. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a kan hanyar Tabuka, da rundunar Musulmi ta iso Hijir, mazaunin Samudawa, Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka halaka sai dai in suna kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta wucewa. Akwai kuma hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura niyyar tafiya ta ibada. A kan fahimtarsa ta wannan hadisi game da ziyarar kaburbura aka tsare Ibn Taimiyya a kurkukun Dimashƙa a 1326, a can kuma ya rasu a 1328, yayin da malamai irin su Subki suka rubuta masa raddi.

A ƙetaren Bahar Maliya ake ganin inda saɓanin ya kai. A Jidda akwai wurin da aka daɗe ana cewa kabarin Nana Hauwa'u ne. An rushe ginin da ke kansa a 1928, daga baya aka shafe wurin da kankare a 1975, don tsoron kada alhazai su mayar da shi wurin neman tabarruki. Saudiyya, ƙasar da ta yi haka, ita ce kuma ta kai Hijir cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, ta kai tsohon garin Jidda a 2014, ta gyara gidajensa masu tagogin katako da ake kira rawashin, ciki har da gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Wanda ya lura zai ga cewa ba dutse ake tsoro ba, abin da zuciya za ta ɗora wa dutsen ake tsoro. Wannan tsoro yana da hujja, kuma duk wanda ya san yadda ake shafar bango ana neman haihuwa ko kasuwa ba zai raina shi ba.

Sai dai Sawakin ba Hijir ba ce. Babu nassin da ya ce an halaka mutanenta, kuma babu wanda ke zuwa neman albarkar bangonta. 'Yan kasuwa ne Musulmi, Bejawa da mutanen Hadramaut da Hijaz da Masar, suka gina ta, suka yi salla a masallatanta. Abin da ya kashe ta sananne ne. Mashigarta siririya ce, murjani ya ƙuntata ta, manyan jiragen ruwa masu tururi ba sa iya juyawa cikin sauƙi. Saboda haka gwamnatin Turawa ta fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe tashar a 1909, kasuwa ta tashi, attajirai suka bi ta, gidaje suka zama babu kowa.

Daga nan sai ginin da kansa ya ƙarasa aikin. An gina Sawakin da tubalan da aka yanko daga dutsen murjani, ana jera katako a tsakanin sahu don ya riƙe bango, ana shafe waje da farar ƙasa. Dutsen murjani cike yake da ƙofofi, yana shan laima da gishirin teku. Muddin ana sabunta shafen, gida mai hawa uku zai yi ƙarni a tsaye. Da zarar an daina, gishiri ya shiga, katako ya ruɓe, bene ya faɗo. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kano ko Damagaram ya san wannan doka: shekarar da aka tsallake yaɓe, damina ce za ta yi hukunci. Wani malamin zane da ya koyar a Khartoum, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976, kuma da yawa daga abin da ya zana yanzu a takarda kaɗai suke.

A nan ne wa'azin da aka saba yi a gaban kufai yake gazawa. Mai ziyara ya girgiza kai ya ce duniya ba matabbata ba ce, ya ɗauki hoto, ya koma mota. Maganar gaskiya ce, amma ta yi masa sauƙi, domin ta sauke nauyi daga wuyan kowa. Ƙarewar duniya hukuncin Allah ne. Barin gidan da kakanni suka gina ya zube saboda magada sun watse, kowa na jiran wani ya sayi buhun farar ƙasa, wannan aikin mutane ne, kuma shari'a tana da suna a kansa: tozarta dukiya da sakaci da amana. Musulmi ba ya barin rijiyar unguwa ta cike da hujjar cewa komai mai ƙarewa ne.

Akwai ma hujja daga nassin kansa. Umarnin a je a duba yana bukatar a sami abin dubawa. Cikin Suratu Yunus an ba da labarin cewa an tsirar da gawar Fir'auna domin ta zama aya ga na baya, wato ajiyewa ce ta sa izinar ta ɗore. Sahabban da suka buɗe Masar tare da Amru ɗan Asi sun zauna kusa da dalar Fir'aunoni, ba su rushe ta ba. Kufan da aka bari ya koma tarin tsakuwa ba ya koya wa kowa komai, domin jikan da zai zo ba zai bambanta gidan alƙali da rumbun gishiri ba. Gyaran da hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta yi wa masallatan biyu da gidan kwastan, wanda ziyarar Shugaba Erdogan a Disambar 2017 ta jawo wa hankalin duniya, yana da siyasa a bayansa, kuma maƙwabta sun yi ta tsegumi a kai. Duk da haka, masallacin da aka tsayar ya fi wanda aka bari ya faɗi.

Tekun ma yana cikin wannan amana. A arewa da Bur Sudan akwai Sanganeb, zoben murjani da ya taso daga ruwa mai zurfi, da hasumiyar fitilar jirage a kansa, sai mashigin Dungonab da tsibirin Mukawwar inda ayun teku da kunkuru ke kiwo. UNESCO ta sa su cikin jerinta a 2016. A Sha'ab Rumi ne mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gidajen gwaji a ƙarƙashin ruwa a 1963, kusa da tashar Bur Sudan kuma jirgin Italiya mai suna Umbria na kwance tun da matuƙansa suka nutsar da shi a 1940 da lodin bama-bamai, murjani ya lulluɓe shi, kifaye sun mayar da shi gida. Ƙananan halittu ne masu rai ke gina dutsen murjani, kowace zuri'a a kan ƙashin wadda ta gabace ta, cikin shekaru dubbai. Wanda ya leƙa ƙarƙashin ruwan ya yi tasbihi, sannan ya jefa anka ta farfasa abin da ya gani, bai fahimci tasbihinsa ba.

Bahaushe yana da nasa rabo a wannan gaɓa. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da Barno kan bi ta Wadai da Darfur da Kurdufan, suna noma a nan, suna dako a can, wasu su shekara da shekaru kafin su ga ruwan gishiri, kuma a Sawakin da yawansu suka jira jirgin Jidda. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu sun yi hajji sun dawo, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, wasu an binne su a hanya. Jikokinsu na nan a Bur Sudan da Kasala da Gadarif suna jin Hausa.

Waɗannan matafiya ba su gina benen murjani ba. A bukkoki da rumfuna suka kwana, a kan tudu, kuma babu wani mai zane da ya auna makwancinsu. Abin da suka bari yana bakin tsofaffi: sunayen zangon da aka yada, wanda ya haihu a hanya, wanda ya sayar da jakinsa don kuɗin jirgi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 iyalai da yawa sun sake watsewa, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗaukar muryarsu ba ya bukatar izinin wata hukuma ko kuɗin wata gwamnati, wayar hannu ta isa, kuma sassan tarihi na jami'o'in Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da ɗaliban da za su iya tattara abin da aka ɗauka su adana shi.