Kyakkyawar Niyya Ta Isa?

A ranar 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti, wata matalauciyar ƙasa da ke kan tsibiri kudu da Amurka. Mutane fiye da 100,000 suka hallaka, yara da yawa suka kwana a fili. Duniya ta ji tausayi, ikilisiyoyi suka tara baiko, jiragen taimako suka yi ta sauka.

Bayan wata 9, cikin Oktoba, sai cutar kwalara ta ɓarke, alhali an yi kamar shekara 100 ba a ga ɓullarta a ƙasar ba. Da aka bi sawunta, sai aka iske ta fito daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal domin kiyaye zaman lafiya. Ƙazantar bayan gidansu ta malala cikin wani rafi da ke zuba a kogin Artibonit, inda talakawa ke sha, suna wanka. Sama da mutum 800,000 suka kamu, kimanin 10,000 suka mutu. Sai a Disamba 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi gafarar mutanen Haiti.

Babu sojan da ya bar gidansa da nufin kashe ɗan wani. To, tun da niyyar mai kyau ce, an kuɓuta ke nan? Wasu za su ce i, gama Allah yana duban zuciya. Gaskiya ne. Amma wanda ya shiga gidan mutum don ya taimaka ya ɗauki nawaya a kansa, ta lura da abin da ya shigo da shi. Mai gida bai bincike shi a ƙofa ba, domin ya amince da shi. Haƙa masai mai kyau nesa da ruwa ba abu ne da ya fi ƙarfin babbar ƙungiya ba. Rashin yin haka sakaci ne, shekara 6 da aka yi kafin neman gafara kuwa ta fi sakacin ciwo.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi kusa da masu bi. Gidajen marayu a Haiti ɗaruruwa ne, yawancinsu da kuɗin masu tausayi na ƙasashen waje suke tafiya. Amma galibin yaran da ke ciki ba marayu ba ne, suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya sa iyaye suka miƙa su, don su sami abinci da makaranta. Mai bayarwa yana son ya ga hoton yaro ɗaya, ya san sunansa, ya karɓi wasiƙar godiya. Ba laifi ba ne, halin ɗan adam ne. Sai dai kuɗin da ya raba yaro da uwarsa, da an ba uwar, da ya ci tuwonsa a gida.

Kada wani ya ce, ai sai a daina bayarwa. Wannan hujjar marowaci ce. Abin da ake bukata shi ne mai bayarwa ya yarda kyautarsa ta tafi inda ba za a gode masa ba: rijiya mai murfi, masai, sabulu, rigakafi, da albashin ma'aikaciyar lafiya. Uwar da aka koya wa zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta tana iya riƙe ran ɗanta har a kai shi asibiti.

An yi shekara 3 ba a tabbatar da kwalara a Haiti ba, sai ga ta kuma a Oktoba 2022, lokacin da 'yan daba suka tsare babbar ma'ajiyar man fetur, samun ruwan sha ya yi wuya, wasu asibitoci suka rage aiki. Da yawa cikin waɗanda suka kamu ƙananan yara ne.